Shirin Ko-ta-kwana: Gyare-gyaren Ƴan Kasuwar Zariya

Masana harkar kasuwanci sun yi ittifaƙi cewa kowane kamfani na buƙatar shirin ko-ta-kwana, wato kundin da zai faɗa wa ma'aikata abin yi ranar da al'amura suka dagule. Har ƙa'idar duniya gare shi, ISO 22301, wadda ta fito a 2012. Ana rubuta kundin, a zuba a kwamfuta, a zauna jiran masifa. Ƴan kasuwar unguwar Zariya ta Maraɗi sun duba tsarin da idon basira, sun yi masa gyara huɗu.

Na farko, ma'ajiya. Kwamfuta wuta take ci, wutar Maraɗi kuwa daga Katsina take tasowa ta Gazawa. Da Najeriya ta katse layin a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, duk kundin da ke cikin kwamfuta sai ya shiga sahun masu neman agaji. Shi ya sa aka tsaya kan littafin bashi mai baƙin bango, wanda ake ɗaurewa da roba a tura ƙarƙashin buhun sukari. Kwafi na biyu yana kan Hajiya uwargida, wadda ba ta buƙatar caji, ba a kuma taɓa jin ta manta bashi ba.

Na biyu, atisaye. Masana sun ce a riƙa yi duk shekara, a ƙaddara an rufe hanya a ga yadda za a yi. A nan an soke wannan, domin gwamnatoci sun ɗauke wa ƴan kasuwa nauyin. An rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986, aka sake a Agustan 2019. Wasu ƙofofin sun buɗe a Disamban 2020, amma ta Jibiya sai Afrilun 2022, ganin ɗaliban wannan yanki sun nuna hazaƙa. CEDEAO ta kawo darasin bita a 2023, aka tashi a Maris na 2024. Ba kuɗin rajista, halarta kuma wajibi ce.

Na uku, reshen ajiya. Masana sun ce a kama ofis na biyu nesa da na farko. Alhaji yana da ƙane a Jibiya, suruki a Ɗan Isa, da yaro mai babur da ke ɗaura buhun shinkafa huɗu ya bi wata hanya da ba ta cikin taswira. Mai kwaɗon zogale ma tana da manomi a Jiratawa da wani a Tibiri, kowanne na zaton shi kaɗai ne.

Na huɗu, kuɗi. Aljihun dama sefa, na hagu naira. Sefa ta rasa rabin darajarta dare ɗaya a Janairun 1994, naira ta rama a 2023. Mai aljihu biyu rabin kuka yake yi, kuma tela ba ya ƙara ko dala.

Giɓi ɗaya ya rage a tsarin. Har yanzu ba wanda ya tanadi abin yi idan wuta ta kwana ta wuni, iyaka na buɗe, farashin canji bai motsa ba, masu bashi kuma suka biya a rana ɗaya. Mai ƙanƙara zai rasa dalilin ƙara kuɗi, mai gyaran janareto zai wuni yana gyangyaɗi, yaron babur zai koma ɗaukar fasinja. Masana na ba da shawarar a kafa kwamiti, amma dattawan kasuwa sun ce ba gaggawa.