Mutanen da ke Ɓoye a Bayan Manhajojin Wayarka

Duk manhajar da ke cikin wayarka akwai mutum a bayanta, kuma halinsa na nan a jikinta kamar yadda ake gane hannun tela a ɗinki. Ba ka taɓa ganinsa ba, amma ka sha yi masa Allah ya isa a layin banki.

Babbansu shi ne Ɗan Ofishin Sanyi. Yana zaune a saman bene a Legas ko Abuja, intanet ba ya yanke masa, wayarsa kuwa kuɗinta zai sayi babur. Ya taɓa manhajar ta buɗe kafin ƙiftawar ido, sai ya ce aiki ya yi kyau. Bai san da zaman Hajiya mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ba, wadda ƙaramar wayarta ta cika maƙil da wa'azi da bidiyon biki, sabis kuma sai ta ɗaga hannu sama. Kafin ta sauke manhajarsa sai ta goge hotunan kamun 'yarta. In aka kai masa kuka, amsarsa ɗaya ce: "Ai a wajena tana aiki." To, Allah ya ba ka lafiya, dama kai kaɗai aka yi wa?

Kusa da kujerarsa akwai Sarkin Tsaro. Niyyarsa mai kyau ce, don 'yan damfara ba barci suke yi ba. Sai dai shi a ganinsa kowa ɓarawo ne, har mai kuɗin. Kalmar sirri sai da babban baƙi, da ƙarami, da lamba, da wata alama da sai ka yi yawo a allon rubutu kafin ka gano inda take. Ka haddace ta da ƙyar, bayan wata uku ya ce a canza, kuma kada ta yi kama da ta baya. Lambar tabbatarwa da zai turo maka tana mutuwa cikin minti ɗaya, ita kuwa sai ta sha shayi a hanya kafin ta iso. Ƙarshen wannan tsaro me ya zama? Baba ya rubuta lambar sirrinsa a bayan katin ATM, ko ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Danna mini, ɗana." An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Magatakarda. Tun 2014 muke da BVN, tun ƙarshen 2020 aka tilasta mana haɗa layukanmu da NIN, an ɗauki yatsunmu goma da hoton fuska. Duk da haka sai ya sake tambayarka sunanka, da ranar haihuwarka, da sunan mahaifiyarka, abin da Bahaushe ba ya faɗa sai da nauyin baki. In sunanki Sa'adatu ne, ko kai Mu'azu ne, fom ɗinsa zai tofar da sunan saboda ɗan waƙafin da ke tsakiya, ya ce ba suna ba ne. Sunan da aka yanka rago a kansa! Ƙ da ɗ da ɓ kuwa kada ma ka gwada. Sai ya zo kan adireshi ya nace sai lambar gida da sunan titi, alhali duk unguwa ta san gidanku shi ne na bayan masallacin Juma'a, daura da mai shayi, kuma ɗan aike bai taɓa ɓata ba. Ka daure ka cike shafi huɗu, ka yi kuskure a layi ɗaya, sai ya share komai ya mayar da kai farko, bai kuma gaya maka inda ka kuskure ba.

Mai Kwalliya ba mugu ba ne, zama ne ba ya iyawa. Duk wata sai ya sabunta manhaja, ya ɗauke maɓallin tura kuɗi daga inda yatsanka ya saba, ya dasa tallar bashi a wurin. Kwalliyar ba ta taɓa biyan kuɗin sabulu ba.

Mai Tarko shi da gangan yake yi. Shiga dannawa ɗaya ce, wani lokaci ma ba ka san ka danna ba, sai dai ka ji masu kiranka na tambayar yaushe ka fara son waƙa. Fita kuwa sai ka bi ƙofa bakwai, kowace tana tambaya ko ka tabbata. Kati na raguwa naira ashirin-ashirin, kuɗin da ba su kai a je ofis a yi faɗa ba, kuma da wannan lissafin yake cin abinci. Irinsa ne suka sa hukumar NCC ta fito da lambar 2442 a 2016 don mutane su toshe saƙonnin da ba su nema ba.

Sai Mai Ba da Haƙuri, wanda ake haɗuwa da shi bayan ɓarna ta auku. An cire kuɗi a asusunka, ba su shiga wa mai shinkafa ba, takardar POS ta fito da lamba 91 da wani Turanci da ko mai digiri sai ya sosa ƙeya. Ka kira, murya ta ce danna ɗaya, danna uku, ga kiɗa. Da mutum ya ɗauka sai ya ce ka yi haƙuri, ka jira awa 24. Haƙurinsa ba ya ƙarewa, don ba shi mai shinkafa ya riƙe wa riga ba.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, kowa ya koma tura kuɗi ta waya, manhajoji da yawa suka durƙushe. Mai nama da mai kayan miya ba su karanta talla ba, sun dai lura da wadda kuɗi ke shiga nan take, suka rungumi OPay da Moniepoint da PalmPay. Da yawansu ba su koma ba.

Akwai nau'i na ƙarshe, mai wuyar samu: wanda ke fita ya duba. Kamfanin Transsion na China, mai Tecno da itel da Infinix, ya lura mutanenmu na yawo da layi biyu saboda sabis, wuta ba ta zama, kyamara kuma ba ta fito da baƙar fata da kyau. Sai ya yi waya mai sim biyu, da batir mai daɗewa, da kyamarar da ke ganinmu, ya mamaye kasuwar Afirka. Masanin nan Jakob Nielsen ya rubuta tun shekarar 2000 cewa in ka zauna ka kalli mutum biyar suna amfani da abin da ka ƙera, za ka gano kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolinsa. Mutum biyar, ba taron bita a otal ba.

Mu a nan, wanda ya fi kowa ƙwarewa a wannan fanni yaron POS ne da ke ƙarƙashin lema. Shi ke karanto maka sunan mai asusu kafin ya tura, ya fassara maka lamba 91 da "bankinku ne ba sabis, Alhaji", ya kuma san bankin da ba a taɓawa ranar biyan albashi. Duk gyaran da waɗancan suka ƙi yi, shi yake yin sa da baki, kana biyansa naira ɗari.

Don haka, ku masu ƙera mana manhaja, ku ajiye babbar wayar a ofis, ku sayi mai arha, ku zo kasuwar Sabon Gari ku wuni ɗaya a bencin yaron nan. Ku zo da littafi da biro, kuma kada wanda ya ce a wajensa tana aiki.