Zuwa Ga Bazazzagin Da Zai Karanta Mana Labarai

Ɗan Zazzau, barka da kammala sanin makamar aiki. Duk Panshekara ta shaida, domin tun da Jami'ar Bayero ta tura ka gidan rediyo muryarka ta Allah da Annabi ta ɓace. Mai shayin bakin titi ya kawo mini ƙararka: wai ko biredi za ka saya sai ka yi gyaran murya, ka kumbura maƙogwaro, ka ja kalma kamar kana sanar da ganin wata. Katin shaidar da aka ba ka na wucin gadi kuwa har masallaci kake rataya shi. Yanzu kuma an ce ka ɗaura aniyar zama mai karanta labarai, a rediyo tukuna, daga baya a talabijin.

To madalla. Amma bari ubangidanka Bakano ya yi maka tambaya: da wace Hausar?

Na ji ka ranar da aka ba ka sanarwar cigiya ka karanta. "Wata yarinya ya ɓata, yana sanye da jan riga." Iyayen suna neman 'yarsu, kai ka tura jama'a neman namiji. Ba laifinka ba ne, haka kuka gada, a bakinku mace da namiji duk kwando ɗaya ne. Sai dai ka sani daidaitacciyar Hausar da ake karanta labarai da ita a kan Kananci aka gina ta, ko ka so ko ka ƙi. Na san za ka tayar da jijiyar wuya ka ce a Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Haka ne. Wa ya yi mata edita? Abubakar Imam, haifaffen Kagara wanda ya yi karatu a Katsina. Injin buga takarda kuka ba wa masauki, alƙalamin sai da aka yi aro.

Mu koma rediyon ma. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Turawa suka so a karanta labaran yaƙi da Hausa daga Accra, Bello Dandago suka ɗauka daga Kano da Isa Kaita daga Katsina. Sunan Dandagon ne a kan ginin Rediyon Kano har gobe. Da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, muryar Aminu Abdullahi Malumfashi aka fara ji. Ina naku? Kada ka ce mini gidan rediyon Kaduna na 1962 a ƙasar Zazzau yake. Fili kuka bayar, mun gode.

Duk wannan wasa ne, ga inda nake so ka buɗe kunne. Kai kujerar kake hange: fitila ta kama, ka ce ga kanun labaran, 'yan mata su ji sunanka. Ka kuwa gani da idonka a ɗakin labarai cewa mintuna goman nan da ake ji, wuni guda ake yi ana dafa su. Wani ya fita da rikoda cikin rana, wani ya yi ta kiran jami'in da ya ƙi ɗaga waya, wani ya zauna yana fassara labarin da ya zo da Turanci, edita ya soke rabin abin da aka rubuta. Ka faɗa mini da bakinka cewa aikin da aka fi ba ka shi ne kwafe muryoyi zuwa rubutu da kai takarda sutudiyo, har kana ƙorafi. Ai nan ne makarantar. Mai karanta labarin da bai taɓa nemo labari ba, ranar da aka miƙo masa takarda da kuskuren suna ko adadi zai karanta shi da ƙarfin hali, domin bai san yadda gaskiyar take ba. Ranar da layin waya ya yanke ana tsaka da shiri kai tsaye, murya mai kauri ba ta cetonsa, sai abin da ke cikin kansa.

Abin da ya fi ba ni dariya, kullum kana kukan ba ka samu labarin da za ka kai wa edita ba, alhali kana kwana a Panshekara. Ka bi ta Challawa da safe, hancinka kaɗai ya isa ya rubuta rahoto. Kamfanonin jimar fata suna nan, ruwan da suke saki yana gangarawa wajen kogin Challawa, ga matatar ruwan da ke shayar da birni a gefe, ga masu noman rani a bakin kogin. Ka taɓa tsayawa ka tambayi manomi ɗaya da wane ruwa yake ban ruwa? Adaidaita sahun da kake hawa yana ratsa Sharada, kana wuce ƙofofin masana'antun da aka garƙame, ciyawa ta cinye harabarsu, irin su kuma suna nan a Bompai. Tsoffin ma'aikatansu ba su ƙaura ba, wasu su ne ke tuƙa ka. Kowannensu zai ba ka labarin wutar lantarki da kuɗin dizal da kayan waje masu araha fiye da yadda malaminka zai karantar. A cikin Sharadar nan Freedom Radio ta buɗe a 2003, kuma abin da ya sa mutanen Kano ke tattaruwa a gindin rediyo lokacin shirin Inda Ranka shi ne suna jin maganar unguwarsu da bakin mutanen unguwar.

Zan ba ka haƙƙinka, ko da yake yabon Bazazzagi yana yi mini ɗaci. Ɗan rahoton da ka haɗa kan 'yan ga-ruwa ya yi kyau. Ka bar su sun yi magana, ba ka cika mu da taka ba, har tsohuwarmu ta ce a ƙara sauti. Ban gaya mata ɗan Zariya ne ba, kada ta fasa.

Saboda haka ka cire katin nan daga wuya, ka ɗauki rikoda ka shiga Challawa. Kowace safiya ka karanta shafi guda da ƙarfi a gaban Bakano ya gyara maka "ya" da "ta". Ni zan karɓi aikin, kuɗin makaranta kuwa shayi da ƙwai ne, kuma ba na bin Zage-zagi bashi, a biya kafin a fara darasi.