Zagi da Rana, Dahuwa da Dare

A Gadarif akwai laifin da gari duka ke aikatawa amma ba a taɓa samun mai amsa shi ba, wato cin Indomie. Zauna a kowace majalisa bayan la'asar, inda ake kurɓar gahawar jabana ana raba wa duniya laifuffukanta, ka jefa sunan taliyar nan a tsakiyar hira, ka ga yadda fuskoki ke yamutsewa kamar an hango mai bin bashi. Wani ya ce roba ce, wani ya ce abincin ragwaye ce, wani ya rantse ita ta sa samarin yanzu ba sa iya ɗaga buhun riɗi. Daga nan sai a shiga kewar taliyar hannu, 'yar murji, da sha'iriyar gida irin ta iyaye mata, har ka zaci zaman makokinta ake yi. To amma da safe bi kwararo ka dubi ledojin da iska ta tara a jikin danga. Ba aljanu suka ci abin da ke cikinsu ba, kuma yaran unguwa ba su kai yawan ledojin nan ba ko da kowane yaro ciki biyu gare shi.

A kan ɗanɗano ba ni da ja. Taliyar da aka kwaɓa yau aka murza yau ta fi ta leda, kamar yadda nonon da aka tatso da asuba ya fi madarar gwangwani. Rigimata da alƙalan ce, domin kusan dukkan masu yanke wannan hukunci ba su taɓa kama hannun injin murji ba. A tankaɗe fulawa, a kwaɓa da ruwa da gishiri, a yi ta murza har kafaɗa ta fara kai ƙara, a bi da curin ta cikin inji sau da dama har ya miƙe ya yi santsi, sannan a fitar da shi zare-zare a shanya a igiya ko a bisa gadon angarib. Daga nan aikin gadi ya fara, a kori ƙuda, a kori kaza, a kori akuya, a kori ɗan autan da ke giftawa yana tsinka, ido ɗaya kuma yana gabas don hadarin Gadarif ba ya sallama. Duk wannan a garin da ya yi suna wajen ƙarancin ruwa, inda gidaje da yawa ke sayen ganga a hannun mai karon jaki, gawayi kuwa kullum sai ƙara jan aji yake. Bayan wannan wuni, maigida ya naɗe hannun riga ya share kwano cikin minti biyar, ya yi gyatsa ya ce ai babu kamar ta gargajiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In aka tona abin da yake kewa, wunin wata baiwar Allah ne da ya saba samu kyauta, ya raɗa masa suna ɗanɗano.

Ita kanta taliyar ledar a madafin mace ta samo asali. Momofuku Ando, wanda ya kafa kamfanin Nissin, ya shafe kusan shekara a wata 'yar rumfa bayan gidansa a Ikeda, kusa da Osaka, yana neman dabarar busar da dafaffiyar taliya don ta daɗe ba ta lalace ba, bai kamo bakin zaren ba sai ranar da ya tsaya kallon matarsa Masako tana suya. Nan ya gane cewa mai mai zafi yana korar ruwa daga kwaɓi ya bar ƙananan ƙofofi, waɗanda tafasasshen ruwa zai bi ya koma ciki nan take. A watan Agustan 1958 ya fitar da Chikin Ramen, a 1971 ya ƙaro ta cikin kofi, daga baya aka gina masa gidan tarihi, mai suya kuwa sai mai bin diddigi ke tuna sunanta. Farkon fitowarta yen 35 ake sayar da ita, kusan ninki shida na kuɗin ɗanyar taliya a Japan ta lokacin, wato abincin 'yan gayu ce. Da a wannan matsayi ta iso mana, da yanzu tana sahun gaba a shela, kayan da dangin ango ke kaiwa gidan amarya, kuma masu zagin nata ne za su riƙa ajiye kwalinta inda baƙo zai yi tuntuɓe da shi. Sai aka fara Indomie a Indonesiya a 1972, ta bazu har aka kafa mata masana'antu a Saudiyya da Masar da Nijeriya, yanzu duniya na cin sama da ƙunshi biliyan 100 na irin wannan taliya a shekara. Tun da almajiri ya iya sayenta mutuncinta ya zube.

Akwai kuma sababbin masu suka, samarin da suka ƙoshi da bidiyon TikTok, masu taɓe baki su ce ai wannan ba ramen ba ce, ramen ta gaskiya tana Japan, inda romo ke tururi ana yanka ƙwai biyu a ɗora. Sun yi gaskiya, sai dai da kyau su san abin da suke haɗiyar yawu a kai. Ana kwaɓa ɗanyar ramen da wani ruwa mai suna kansui, wanda in ka bincika ɗan uwan kanwarmu ne, atrun ɗin nan da ke zube a kasuwa, shi ke ba zaren launin ɗorawa da danƙo. Romon da ya fi tashe a hotunan nan, farin nan mai kauri na Fukuoka, ƙashin alade ne ake tafasawa awa 12 ko fiye, don haka mai lasar leɓe a gaban waya ya fara tambaya kafin ya yi bismilla. Ko na kaza aka zaɓa, a lissafa awannin wutar da kuɗin gawayin Gadarif a ga ko ba a sayi ɗan akuya ba. Abin lura dai shi ne masu wannan wahala a can galibi maza ne, a shago, ana layi ana biyansu, har wani ƙaramin shago a Tokyo mai suna Tsuta ya sami tauraron Michelin a 2015. Mu ma mun san wannan tsari. Wa ke gasa agashe da yamma yana barbaɗa yaji kamar mai rabon zinariya? Wa ke kwana gadin tukunyar waken ful, wa ke tsaye a bakin tandar burodi? Namiji bai taɓa jin kunyar wuta ba matuƙar akwai ciniki a ƙarshenta. Murhun gida ne kaɗai ke ƙona masa girma.

A nan Indomie ta yi abin da wa'azin shekaru bai yi ba, ta shigar da namiji madafi da ƙafarsa. Sharaɗi ɗaya ne, kada a kira abin girki, haɗi ne. A jikin leda an ce 'yan mintoci, amma gwauron Gadarif bai yarda a raina shi ba. Zai yanka albasa kamar ranar suna, ya soya tumatir, ya fasa ƙwai, ya marmasa jibna, ya dama dakwar gyaɗa, ya zuba shatta har maƙwabta su fara atishawa, in akwai ragowar ta'amiyar safe ita ma ta shiga, wani har ruwan ful yake tsiyayawa don kada bosh, burodin da ake jiƙawa da ruwan ful, ya ji an yi masa kishiya ba shawara. Kowa da mazhabarsa: masu tsane ruwa, masu barin romo, masu karya curin gida huɗu, da masu ganin karya shi fitar da kai ne daga jama'a. Kafin a sauke an ci minti arba'in, tukunya biyu da faranti uku sun ɓaci, gwanin kuma yana ta bayanin sirrin hannunsa ga duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. Wannan mutum, da za a ce ya tuƙa asida, zai ce bai san inda muciya take ba. Kayan wanke-wanken kuwa suna nan a ajiye har safe, suna jiran mai su.

Masu maganar lafiya su ne suka fi kusa da hujja, kuma ba zan yi musu rowar gaskiya ba. Soyayyar taliya ce, mai ya ratsa ta, ɗan ƙullin sinadarin da ke cikinta yawancinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a wuni. Yaron da aka raina da ita safe da dare ba ganye ba wake an cuce shi. Sai dai a dubi bakin da ke wannan lacca. Shi ne mai cewa miya ba ta ji ba in ba a jefa mata dunƙulen Maggi huɗu ba, shi ne mai shan shayin da cokali ke iya tsayuwa a cikinsa don sukari, ita kuma sha'iriyar da yake wa kirari, ai soya ta ake a mai a lulluɓe ta da sukari kafin a kai wa ango karin kumallo. Laifi tudu ne. In da gaske lafiya ake nema, maganin a bayyane yake, a rage ƙullin sinadarin zuwa rabi, a ƙara ganye, a daina mai da ita abincin kullum, kuma duk wannan ba ya bukatar a tayar da kowa kwaɓi da asuba.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu kishin dawa. Sukan ce ina dalilin da garin da ke ciyar da Sudan zai koma cin alkamar da jirgi ke saukewa a Port Sudan? Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman inji a Gadambaliya, baƙar ƙasar nan mai tsagewa da rani ta cika kasuwar amfanin gona da dawar feterita da riɗi, ga katafaren rumbun gwamnati tsaye ana hango shi daga nesa. Kuma kowa ya ga abin da dogaro da alkama ya haifar a Disambar 2018, lokacin da burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, aka fito titi a Atbara, Gadarif ta bi sahu, kafin ƙarshen Afrilu kujerar Umar al-Bashir ta kife. Hujja ce mai ƙarfi, illa dai ta kifar da masu ita tare da abokan gabarsu, domin 'yar murji ma fulawar alkama ce, sha'iriya alkama ce, burodin da mai sukar ke dangwalar ful da shi kowace safiya alkama ne. Wanda ke kishin dawa da gaske kisra zai nema, kisra kuwa sai an jiƙa ƙullu ya yi tsami, wata ta zauna gaban doka, tandar kisra, hayaƙi na cin idonta tana shafa falle bayan falle, mun dawo inda muka fara. Batun cewa Indomie baƙuwa ce ma bai tsaya ba. Taliyar da muke kira ta Hausa ana danganta zuwanta da Larabawan Tarabulus da Gadamus da suka zauna Kano, ramen ɗin Japan kuma masu dafa abinci 'yan China ne suka kai ta. Abincin gaggawa kuwa mun riga Ando saninsa. Kakannin da suka tako daga ƙasar Hausa a hanyar hajji, da waɗanda suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 har aka kafa garin Mai Wurno, da kilishi da garin gero suka yi guzuri, abre kuma har gobe jiƙa shi kawai ake a sha. Ba wanda ya kira su ragwaye, saboda kafin a jiƙa ɗin an san wadda ta yi dakan.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar, Gadarif ta cika da mutanen da suka baro madafansu da injin murjinsu da igiyar shanyarsu, aka tsugunar da su a makarantu da gidajen dangi, iyali guda a kan murhu ɗaya da ɗan gawayin da bai cika tafi ba. A wajensu muhawarar ɗanya da busasshiya hirar ƙosassu ce, kuma ban ji ɗan majalisar da ya iya kallon idon uwar da ke dafa wa 'ya'yanta leda biyu a barandar aji ya karanta mata darasin gargajiya ba. Darasin nan sai a inuwa, kan tabarma, da finjalin jabana a hannu. In dare ya raba, uwargida ta ce ta gaji ta kwanta, za ka ga babban mai jawabin la'asar ya leƙo ƙofar gida ya yafito yaro, ya danƙa masa kuɗi a dunƙule, ya rage murya ya ce maza je kanti ka karɓo guda biyu, mai yajin, in mai kanti ya tambaya ka ce na ƙannenka ne.