Ranar da Akurki Ya Yi Shiru

Daga Kara zuwa Getso, daga Kabo zuwa Garo, da wuya ka yi sallama a gida ba ka ji kukan kaza ba. Kowa gwanin kiwo ne muddin kaji na tsattsagar tsaba. Sai hunturu ya kama, annoba ta bi akurki ɗaya bayan ɗaya, sannan halin kowa ke fitowa fili.

Akwai Malam An-yi-mini. Shi kazarsa ba ta mutuwa, sai dai a kashe masa ita. "Tun ranar da matar nan ta yaba tsakin nan ba ta ce tubarkalla ba, na san kambun baka ya kama su." Kaskon ruwan kajin kuwa, rabonsa da wanki tun damina.

Sai Likitan Kansa. Da ya ga kaza ta saki fukafukai, zai jiƙa ɓawon maɗaci, ya zuba barkono, ya fasa kafso biyu a ciki, ya ɗura mata. Ka ce masa cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ke Filato tun 1924, tana haɗa rigakafin da ake ɗiga wa kaza a ido kafin cutar ta iso, sai ya ce, "Yaro, kakata ta yi kiwo shekara hamsin ba ta san hanyar Jos ba."

Sarkin Wuƙa ba ya jiran bayani. Kaza ta ɗan yi gyangyaɗi, sai ka ji, "Kai, kawo wuƙa kada ta zama mushe!" Mako guda gidansa na ƙamshin farfesu, yara har fatan zakara ya yi tari suke yi. A 2006, da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna da Kano aka yi ta gargaɗi kada a ci kazar da ta kamu, shi ya fi kowa baƙin ciki.

Ɗan Lissafi ya sayi ƙwan zabi ashirin ya sa wa kaza. Kafin kwana 28 na ƙyanƙyasa su cika, ya riga ya sayar da zabbin a zuci, ya sayi akuya, akuya ta zama sa, sa ya zama babur, har ya fara gaida wata bazawara. Ruwan Agusta ya daki 'ya'yan, sanyi ya kwashe rabi, shirwa ta ɗauki zakkarta a sauran. Ga mai shago na jiran bashin da aka ci da sunan zabbi.

Na-Tuba kuwa rantsuwa yake yi a majalisa: shi da kiwo har abada. Ranar kasuwar Getso sai ga shi da tattabaru biyu a ƙarƙashin riga. "Ba saye na je yi ba, rahusa ce ta same ni."

Na ƙarshe Ɗan Zamani ne. Ya gani a waya cewa a Ingila da Amurka ana kiwon ƙoƙi-ƙoƙi cikin gilashi, wai irinsa ya haura 2,000 a duniya. Ya kamo biyu a gonar gero ya jefa a kwalba. Da yake ƙwaron ba ya cin abin da ba ya motsi, sai ga ƙato da gemu yana bin ƙudaje da fara a bayan gida. Washegari ya tarar da angon babu kai, amarya na share baki. Ta ajiye kumfar ƙwai a jikin kara, ta bushe, 'ya'ya suka fito da yawa, suka hau cin juna. Dattawa suka ce, "Allah ya shirya."

Sai dai shi kaɗai ne a cikin mutanen nan ya zauna ya tambayi abin da ya jawo. Ya gano a ƙosar da macen kafin a kai mata miji, a kuma ba kowane ɗa kwalbarsa. Yanzu yana da guda tara lafiyayyu, babu mai saye, babu mai sata. Masu yi masa dariya kuwa sun sake zuba kaji a akurkin da ba a share ba, suna jiran hunturun baɗi.