Alhaji Ya Sayi Iska

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, maƙwabcina Alhaji ya tare ni a ƙofar gida, ya kama hannuna ya ja ni har gindin motarsa. Na ɗauka wani ɗan adaidaita sahu ne ya goge masa fenti, har na fara haɗa kalmomin jaje. Sai na ga ya tattare babbar riga ya durƙusa, ya nuna mini wani ɗan koren murfi a bakin bawul ɗin taya, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

"Malam, ka san mene ne wannan?"

Na ce murfin bawul ne, Alhaji.

Ya girgiza kai irin na mai tausayin wanda aka bari a baya. "Naitirojin ke nan. Tayoyin nan da kake gani sun daina shan iskar gama-gari. Irin wadda ake sa wa jirgin sama ce a cikinsu."

Na ce ma sha Allah, nawa aka ba ka? Ya waiga ya dubi ƙofar gida, ya faɗi kuɗin ƙasa-ƙasa don kada Hajiya ta ji. Abin da ya biya na taya ɗaya zai isa mai facin bakin titinmu ya cika masa huɗun duka, ya haɗa da wadda ke ajiye a but, ya kuma raka shi da Allah ya kiyaye hanya. Tun ina yaro nake jin ana cewa kuɗin wane sun bi iska, amma sai ranar na ga wanda ya kai su da ƙafarsa, ya bi layi, har aka ba shi rasit.

Ni da Alhaji aji ɗaya muka yi a sakandare, kuma na tuna ranar da malamin kimiyya ya yi darasin iska, domin ranar ce aka kama Alhaji yana cin ƙuli-ƙuli a bencin baya. Abin da ya wuce shi ke nan: iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Kashi 21 oksijin, ɗan abin da ya rage kuma tarkacen wasu iskoki ne (na kimiyya nake nufi, ba na kan tsamiya ba). Wato tun ranar da ungozoma ta yanke wa Alhaji cibiya yake zuƙar naitirojin dare da rana ba tare da ya biya ko sisi ba. Akuyarsa ma haka. Injin mai faci, wannan mai tari da hayaƙi da ake tayarwa da igiya, kashi 78 ɗin nan yake ɗura wa kowace taya tun zamanin kakanninmu, bai taɓa rubuta allo ya yi talla ba. Na'urar gidan man da Alhaji ya je takan ɗaga adadin ne zuwa wajen 93 ko 95. Ɗan tsakanin nan shi Alhaji ya saya. Kamar mutum ne ya je wurin mai fura, ta ce masa wannan ta manya ce, kuɗinta daban, domin akwai gero a ciki.

Kada a ce na zalunci naitirojin, tana da nata halin kirki. Oksijin ya fi ta saurin sulalewa ta jikin roba, saboda haka tayar da aka cika da ita takan ɗan fi jinkirin sacewa. Busasshiya ce kuma, ba ta zuwa da danshi, alhali tankin mai faci wani lokaci idan ya kwance ƙasansa ruwan da zai zubo ya isa a ba kaji. Sai dai tambayar ɗan kasuwa ita ce, ribar nawa ce? Wata ƙungiyar kare masu saye a Amurka mai suna Consumer Reports ta taɓa zama ta auna. Ta ɗauki tayoyi iri 31, kowane iri guda biyu, ɗaya ta cika da iska ɗaya da naitirojin, duka a kan awo 30 na ma'aunin da ake kira PSI, ta jibge su a waje shekara guda cur. Da aka dawo, masu iska sun rage 3.5, masu naitirojin sun rage 2.2. Bambancin 1.3 ke nan, a shekara.

A shekara fa! Don Allah a nuna mini tayar da ta yi wata goma sha biyu a titunanmu ba ta gaisa da ƙusa ba, ba ta faɗa rami ba, ba ta kwana a hannun mai faci ba. Waccan tayar ta Amurka a kwance ta yi shekararta, kamar amarya. Tamu kuwa kafin wata uku ta sha faci biyu da ɗinki ɗaya.

Nan ne ma hankalin Alhaji ya tashi. Ya ce to idan ya yi faci da daddare tsakanin Zariya da Funtuwa, inda babu sai mai faci da fitilar waya, ya zai yi? An gaya masa ba a gauraya naitirojin da iskar mai faci. Yadda ya yi maganar sai ka ce za a zuba wa nono ruwan kwata. Na ce kwantar da hankalinka, Alhaji, babu abin da zai fashe. Naitirojin ce za ta tarar da 'yar'uwarta, su gaisa, su ci gaba da zama. Abin da kawai zai lalace shi ne alfaharin.

Ya ce ai kuma yaron gidan man ya tabbatar masa ba ta ɗaukar zafi. Wannan yaro ya cancanci ƙarin albashi. Kowace iska, idan ta ji zafi sai ta kumbura, idan ta ji sanyi ta tsuke, kuma naitirojin ba ta da takardar izinin ƙetare wannan doka. Duk sauyin zafi na digiri 5 zuwa 6 yakan motsa awon taya da kusan 1. Tayar da aka auna da asubahin hunturu, idan aka sake aunawa da azahar bayan ta sha kwalta, lamba daban za ta nuna, ko da murfinta kore ne ko ruwan gwal.

Maganar jirgin sama kuwa gaskiya ce, kuma a nan zan ajiye raha na ɗan lokaci. Tayar babban jirgi tana ɗaukar awo wajen 200, tana dira ƙasa da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, birkinta yana yin zafin da zai iya tayar da wuta, oksijin kuwa abincin wuta ne. A 1986 wani jirgin ƙasar Meziko ya faɗi da mutum 167 bayan tayar da aka cika da iskar gama-gari ta yi bindiga, daga nan aka tsaurara dokar sa naitirojin a tayoyin manyan jirage. Mu ma muna da namu tabon. Ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin da ya ɗauko alhazanmu daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashi, mutum 261 suka rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Bincike ya nuna tayoyi biyu ba su da isasshen awo. An nemi naitirojin da za a ƙara musu, ba a samu da wuri ba, aka ƙi jira. Tayar da ba ta cika ba takan lanƙwashe tana murzuwa, ta yi zafi, ta fashe. Wannan hali nata ɗaya ne a jirgi da a mota, kuma shi ne abin da ya kamata ya hana direba barci.

To amma ya muke auna taya a ƙasar nan? Da ƙafa. Mutum zai zagaya mota yana harbin kowace taya da takalmi kamar mai neman wadda ta zage shi, ya gyaɗa kai ya ce lafiya lau. Masu ilimi cikinmu su danna da babban yatsa, irin yadda ake taya mangwaro. Direban babbar mota ya ƙwanƙwasa da sifana ya kasa kunne. Idan aka je wurin mai faci kuma ya tambaya nawa za a sa, amsar ita ce, "Cika ta tam, tafiya zan yi." Sai ya ɗura 50, tayar ta yi tauri kamar dutsen niƙa, motar ta riƙa tsalle a kan titi, haƙoran fasinja suna kaɗawa. Alhali kamfanin da ya ƙera motar ya manna 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ya rubuta awon da ya dace, wanda a yawancin ƙananan motoci bai wuce 30 zuwa 35 ba. Shekara shida Alhaji yana shiga ta wannan ƙofa. Da na nuna masa takardar, cewa ya yi ya ɗauka ta kwastan ce.

Tunda mun riga mun durƙusa, sai na ce bari mu duba shekarun tayar. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Ta gaban Alhaji ta hagu 1814 ta nuna, wato mako na 18 a 2014. Tayar ta girmi autarsa. Ta gama aikinta a Turai, ta yi ritaya, ta hau jirgin ruwa ta zo nan aka sake ɗaukarta aiki da sunan Beljiyam. Zanen jikinta ya shafe, ta yi sumul kamar kan ango ranar aski. 'Yan Road Safety sun gaji da shelar cewa taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da doka ta hana shigowa da su, amma tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, kasuwar gwanjon taya sai abin da ya yi gaba. Wannan tsohuwa ce Alhaji ya shayar da iskar jirgin sama. An yi wa gawa kwalli.

Kuma da ita zai tafi biki Katsina: mutum tara, buhun shinkafa biyu, kulolin abinci, da akwatin amarya ɗaure a kan but.

Ba Alhaji kaɗai ba ne, halinmu ne. Duk abin da Allah ya ba mu kyauta ba ma ganin girmansa sai an canza masa suna an sa masa farashi. Ruwa ya zama alkalin, gishiri sai na Himalaya, ga shi yanzu an iso kan iska. Har na ji wasu samari sun gano bakin zaren: murfin kawai suke saye, su ɗaura a tayar da mai faci ya cika, su je zance. A cikin duk masu harkar nan su ne kaɗai na ga kwalliyarsu ta biya kuɗin sabulu.

Na kai wa mai facinmu labari, ina tsammanin zai damu da an ƙwace masa kasuwa. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Yallaɓai, bar su. Tawa ma daga sama take zuwa, sabuwa fil, ba a taɓa sa ta a kwalba ba. Bari a kwana biyu, zan rubuta allo in ce iskar gargajiya ce, ba sinadari. Za ka ga layi." Na ce masa idan ya tashi ya tuna da ni a hannun jari, amma ya riƙa zubar da ruwan tankin nan kowace safiya.

Wanda duk aka ba shi naitirojin kyauta lokacin da ya sayi sababbin tayoyi, ya karɓa ya yi godiya, ba ta cutar da komai. Wanda kuma za a caza, ya riƙe kuɗinsa ya sayi ɗan gejin aunawa, wanda bai fi biro tsawo ba, ya jefa a aljihun mota. Sau ɗaya a wata, da safe kafin tayar ta taka titi ta yi zafi, ya durƙusa ya auna duka har da ta cikin but.

Ni na sayi nawa, kuma jiya da sassafe na ɗana shi a tayar Alhaji ta gaba, mai shekarun nan. Takardar ƙofa ta ce 32. Geji ya ce 22. Akwai ƙusa a ciki, kanta har ya yi ƙyalli don gogar kwalta, koren murfin kuwa yana nan daram a wurinsa.