Injiniyan Ƙofar Gida

Daben ƙofar gidanmu ya girme ni. Marigayi mahaifinmu ne ya zuba shi, kuma ya ɗauki tabarmin zaman makoki, tukwanen suna da ragunan layya shekara da shekaru bai ce uffan ba. 'Yan gida na cewa kwaɗayina ne ya kashe shi. Ni dai na fi yarda cewa kwanansa ne ya ƙare.

A 2015 aka soma aikin sabuwar kasuwar Kejetia a Kumasi, aka kwaso 'yan kasuwa da yawa aka juye mana a Race Course. Unguwa ta cika ta batse, wurin ajiye abin hawa ya yi daraja. Na fara da masu aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, suna kwana a ƙofar gida suna ba ni na koko da ƙosai. Daga nan wata motar doya da ke zuwa daga Techiman ta nemi alfarma, ni kuwa ba na iya hana baƙo masauki, musamman baƙon da ke biya. Daben da aka zuba don ƙafar mutum ya wayi gari yana goya lodin doya. Ya tsage, ya lotsa ta tsakiya, saiwar mangwaron maƙwabci ta ɗaga shi ta gefe. Ranar da Hajiya ta yi tuntuɓe da butarta a hannu, ba ta yi faɗa ba. Kallona kawai ta yi, ta ce, "Allah Ya jiƙan mai gidan nan."

Washegari na nemo wani dattijon magini daga Aboabo. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya kasa kunne, ya ce, "Malam, ƙarƙashinsa rami ne. Faci ba zai riƙe ba, sai an fashe duka." Ya zauna ya yi mini karatu. A kwashe buraguzai, a sare saiwa, a zuba jar ƙasa a daddage ta har diddige ya kasa shiga. Kauri inci huɗu, in mota mai nauyi za ta hau a ƙara, a sa rodi. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, yana ɗaukar yashi kwano huɗu, tsakuwa takwas. A ja layi a raba daben gida-gida, don in zai tsage ya bi layin. A karkata shi zuwa kwata. A yi ta ba shi ruwa mako guda, kada mota ta hau sai ya kwana 28. Da ya faɗi yawan buhunan simintin Ghacem da kuɗin aikinsa a sidi, sai na ji iska ta ɗauke.

"Baba, zan yi shawara," na ce.

Shawarar da kaina na yi ta, kuma muka daidaita nan take. Ai ya riga ya faɗa mini sirrin kyauta, me ya rage? Na sayi rabin simintin da ya ce, na ɗauko samari uku masu ƙarfi waɗanda iliminsu na gini bai wuce nawa ba, na sa hular kwano ta aro, na tsaya da tef a hannu. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, yaushe ka zama injiniya?" Na ce mata gini lissafi ne, ni kuwa na ci lissafi a makaranta.

Fasa tsohon daben ya kusa kashe mu. Inda bai tsage ba, diga tsalle take yi ta dawo. A nan ƙarfinmu ya ƙare, don haka zancen daddage ƙasa muka taƙaita shi: samarin suka yi tattaki a kai, na ce ya isa. Da aka zo kwaɓi, na lura siminti na gudu, yashi kuwa ga shi tuli, sai na ba da umarnin a riƙa ƙara kwano biyu-biyu. Kwaɓin ya yi tauri, samari suka koka, na ce a sako ruwa. Ya koma kamar kokon da aka tsinka wa baƙi, yana malala da kansa ba sai an ja shi ba, na kuwa yi murna na gano dabarar da magina ke ɓoyewa. Layin rabawa na ce ado ne. Karkata kuma da ido na auna.

Duk wannan a watan Yuni. Wanda ya san Kumasi ya san damina biyu gare ta, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma a Yuni ne babbar ke kan ganiyarta. Na dubi sama da hantsi na ce yau ba ruwa. Bayan la'asar hadari ya haɗo. Muka rufe abin da muka iya da buhunan siminti, tsohuwar tabarma da ledar shimfiɗar teburin uwargida, ruwa ya wanke fuskar sauran, tsakuwa ta fito tana murmushi. Da ya ɗauke, awakin unguwa suka zo duba aiki, kowace ta sa hannu.

Ban ba shi ruwa ba daga baya, tunda Allah Ya riga Ya ba shi. Motar doya kuma na bar ta ta dawo tun kafin mako ya zagayo, saboda ina bukatar kuɗin biyan samari. Tayoyinta suka bar mana hanya biyu kyawawa.

Karkatar ce ta tona asiri. Idona ya auna daidai, sai dai ya juya alƙibla. Ruwan sama na gaba bai ko kalli kwata ba, ya bi daben a natse, ya ratsa zaure, ya yi sallama ɗakin Hajiya. Da asuba na tarar da ita zaune kan gado ta tanƙwashe ƙafa, takalmanta na yawo a tsakar ɗaki.

"Injiniya, an tashi lafiya?" ta ce. Daga ranar sunan ya bi ni har masallaci, har wurin mai waakye.

Na koma Aboabo da goro. Dattijon bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya zo ya tsuguna, ya kankare daben da farcen babban yatsa, ya murza garin a tafinsa, ya hura. Ya sake lissafi: siminti ya tashi, tifar yashi ta tashi, ga kuɗin gyaran ɗakin Hajiya.

"Na fasawa fa, Baba?"

"Wannan na yafe maka, Malam. Ka ba yara tsintsiya, kafin azahar sun gama."