Jemagen Sidni da faɗa-wutar Kanbera

Yaya,

Ya ƙafar Inna? Tsohuwar gardamarmu ce ta sa na ɗauki biro, wadda kake cewa jemage da faɗa-wuta dangi ne tunda duk da dare suke yawo. To, Ostiraliya ta raba mana gardama.

Jemagen nan mai cin 'ya'yan itace, in ya buɗe fukafukai sai su kai mita 1, nauyinsa kusan kilo 1. Da magariba suke tashi dubbai daga lambun Centennial da ke nan Sidni, sama ta yi baƙi ƙirin. Na tsaya ƙarƙashin bishiyarsu na ga wata uwa ta rataye kai ƙasa, ɗanta manne a ƙirji yana shan nono, ta lulluɓe shi da fiffike. Ɗa ɗaya take haifa a shekara. Da ido da hanci jemagen yake neman abinci, yana shawagi a furen itacen turare, garin furen ya maƙale masa a gashi ya kai wa wata bishiya. Wallahi ya shiga raina. A 2018 zafi ya kashe dubbansu a garin Cairns. Ka gaya wa Inna a 2012 masu lambun Royal Botanic na Sidni da ƙarar lasifika suka kori nasu, ashe dabararta ta buga gwangwani gindin mangwaro ta ƙetare teku!

Ita kuwa faɗa-wuta ƙwaro ce, ƙafa 6, daga ƙwai sai tsutsa sai fiffike, ba ta san uwa ba. Amma kada ka raina ta. Wadda ake kira bogong tana tafiyar kilomita kusan 1,000 zuwa kogunan duwatsun kudu maso gabas ta fake wa zafi, alhali ba ta taɓa zuwa ba. Taurari take bi, da maganaɗisun ƙasa. Fitilun majalisar dokoki a Kanbera kan ruɗe su, su cika ofisoshi ba wanda ya zaɓe su. Fari ya rage su ƙwarai, har a 2021 aka sa su cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu.

A da, 'yan asalin ƙasar sun daɗe suna gasa su a toka mai zafi, saboda kitsensu. Kada Kawu ya ji wannan, don zai ce in aiko masa da mudu biyu da yaji.

Saboda haka jemage ya fi kusa da akuyarka a kan faɗa-wuta. Goron da muka sa kan gardamar, ka miƙa wa Inna. A gaida yara.

Ƙaninka.